Ranar Da Aka Yi Wa Tsohuwar Kwamfutata Dashen Ƙwaƙwalwa

Duk marubucin Hausa da ya fara wannan sana'a kafin shekarar 2000 ya san irin gumin da kayan aiki suka sa mu. Mun yi zamanin biro da littafin makaranta mai shafi tamanin, muka shiga zamanin tafireta da kabon, lokacin da in an gama buga shafi sai mutum ya koma da biro yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa haruffa ƙugiya, don kada mai karatu ya kasa bambance baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Daga nan shagunan buga takardu suka buɗe, muka riƙa kai musu rubutunmu ana buga mana shafi-shafi a kwamfuta, muna biya, kuma labarin da ka kwana kana tufkawa yakan gama zaga shagon tun kafin ya ga maɗaba'a. Saboda haka ranar da marubuci ya mallaki kwamfutar kansa, ko da ta gwanjo ce, rana ce da ba ya mantawa da ita.

Tawa na saye ta ne a 2009, 'yar tafi-da-gidanka, daga cikin waɗanda ake shigowa da su bayan sun gama yi wa Turawa aiki. Ko a lokacin ba yarinya ba ce. Tana da nauyi kamar dutsen guga, rumbunta na ajiya gigabait 40 ne, ƙwaƙwalwarta ta aiki kuwa megabait 512, kuma da manhajar Windows XP ta zo, ga takardar shaidar lasisin a manne a ƙarƙashinta. A ɗakina na Fagge ta zauna, bisa wani ɗan tebur kusa da taga, inda nake jiyo hayaniyar masu dakon kaya zuwa Kantin Kwari da safe. A cikinta na tara duk abin da na rubuta na shekara biyar, har da wani ƙagaggen labari da na yi shekara uku ina fama da shi.

Abin da ya fara mutuwa a jikinta shi ne wajen sa faifan sidi. Wanda ya san hunturun Kano ba zai yi mamaki ba. A cikin wannan waje akwai wani ɗan ido na gilashi da ke haska faifai ya karanto abin da ke kai, to ƙura ta shekara da shekaru ta bi ta dushe shi, ga kuma tsufa. In ka sa faifai sai ka ji ya juya sau biyu ko uku, ya yi ƙara kamar mai tari, ya yi shiru. Tun da yake ba kallon fim nake yi da ita ba, rayuwa ta ci gaba. Sai a daminar 2014 babbar matsalar ta zo. Filashin da nake kai aiki da shi shagunan buga takardu ya kwaso cutar nan ta kwamfuta da ake kira bairos, injin ya fara nawa, daga baya kuma in an kunna shi sai ya tsaya a baƙin allo ya ƙi gaba. A daidai lokacin kuwa mai buga mini littafi ya ba ni wata guda in kawo labarin, in ba haka ba ya sa na wani a layi.

Masu gyara biyu na kai wa a nan Fagge, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Maganin da suka sani shi ne a share komai a zuba sabuwar manhaja daga faifai, faifai kuwa ba shi da ƙofar shiga. Na biyun ma cewa ya yi, "Malam, ka yi haƙuri ka sayi wata, wannan ta gama yayi." Ta wani fannin yana da gaskiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya sanar tun da daɗewa cewa daga 8 ga Afrilu, 2014 ya daina kula da XP, ita kuwa Windows 7 da ke tashe a lokacin tana neman aƙalla gigabait guda na ƙwaƙwalwa, watau ninkin abin da tawa take da shi. Bugu da ƙari, faifan da suke nufin zuba mini kofi ne na bayan fage. Mu marubuta da ba mu da wani zance a taronmu sai kukan masu satar fasaha, ban ga yadda zan zauna in rubuta littafi a kan aikin wani da aka sato ba. Kuɗin sabuwar kwamfuta kuwa, a watan da ake jiran kuɗin makarantar yara, ko maganarsa ba ta taso ba.

Ɗan yayata ne ya kawo wata shawara. Yaro ne mai karatun kwamfuta a wata babbar makaranta a nan Kano, ya zo gaishe ni ya tarar da ni na yi tagumi a gaban injin. Da ya ji bayani sai ya ce, "Kawu, me zai hana a sa mata Linux?" Na ce, "Nawa ake sayar da shi?" Ya ce kyauta ne. Na ce to na sata ne ke nan. Ya yi dariya ya ce, "A'a Kawu, masu shi ne da kansu suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba wanda ya ga dama."

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani, domin ni ma sai da aka yi mini. Kowace kwamfuta tana da wata uwar manhaja wadda ke tsakanin ƙarfen injin da sauran manhajojin da muke aiki da su, ita ce ke tayar da injin, ta san inda aka ajiye kowane fayil, ta kai saƙo daga madannai zuwa allo. Yawancin irin wannan manhaja a kulle take, kamfani ne kaɗai ya san yadda aka rubuta ta, kai izinin amfani kawai ka saya. To a 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da wani shiri mai suna GNU, da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin yin aiki da ita, da duba yadda aka rubuta ta, da gyara ta, da rarraba ta. A 1991 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da shirin ke buƙata, ya sake ta a intanet, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara mata nasu. Wannan ita ce Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da wani nau'i nata mai sauƙi ga talaka, ya sa masa suna Ubuntu, kalmar da a harsunan Zulu da Kosa take nufin mutuntaka.

Da na ji wannan sai hankalina ya koma zauren kakanmu. Ai haka littafi yake yawo a ƙasar nan tun kafin zuwan maɗaba'a. Ɗalibi ya ari na malaminsa ya kwafa da tawada, ya rubuta bayanin kalmomi masu wuya a gefen shafi, wani ya zo ya kwafa daga nasa har da bayanin, ya ƙara abin da ya samu a wajen nasa malamin. Ba a taɓa kiran wannan sata ba. Na ce wa yaron ya sa mata.

Nan fa muka ci karo da tsohuwar matsalar. Kamfanin da ke yin Ubuntu ya yi shekaru yana aika faifansa kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011 da ya daina, kuma yaron yana da ɗaya daga cikinsu a jakarsa. Ga faifai a hannu, ga injin a gaba, babu hanyar haɗa su. Abin nan ne da Hausawa ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ya ce kada in damu, ai akwai filashi. Ya zaɓi wani ƙaramin nau'i mai suna Lubuntu, wanda aka tsara domin tsofaffin injuna, sabon fitowa na watan Afrilun wannan shekara, nauyinsa wajen megabait 700. A kafe ya kwana yana sauke shi, domin da rana layin ba ya ja. Da safe ya zo da jajayen idanu, ya riga ya rubuta shi a filashi da wata 'yar manhaja mai suna UNetbootin, wadda ke mai da filashi tamkar faifan tayar da inji.

Muka soka, muka kunna, shiru. Ya shiga wani shuɗin allo da ban taɓa sanin yana nan ba, wanda ya ce sunansa BIOS, ɗan ƙaramin umarnin da ke zaune a cikin ƙarfen injin tun daga masana'anta, shi ke faɗa masa inda zai nemi uwar manhaja in an kunna shi. Jerin wuraren da tawa ta sani su ne faifai, da rumbunta, da wayar sadarwa irin ta ofis. Filashi ba ya ciki, domin an ƙera ta ne tun kafin tayar da inji daga filashi ya zama ruwan dare. Na ce to mu ari na'urar sidi ta waje, irin wadda ake jonawa. Ya ce ita ma ta wannan kafar za a jona ta, kuma injin ba ya duba kafar a lokacin tashi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce akwai wani oga a Sabon Gari da ya taɓa yi wa aikin hutu, in akwai mai dabara to shi ne.

Daga Fagge zuwa Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, ƙaramar hukumarmu ma ɗaya, amma wanda ya zauna a Kano a wannan shekara ya san tafiyar ta yi nauyi. A watan Maris na 2013 bam ya tashi a tashar motoci ta New Road, a watan Mayun 2014 wani ya sake tashi a unguwar, ga shi kuma a ranar 6 ga Yuni Sarki Ado Bayero ya rasu, gari duk a jimame. An hana goyo a babur tun farkon 2013, saboda haka A Daidaita Sahu muka hau. Ka ɗauko jaka mai ɗauke da na'ura da wayoyi a irin wannan lokaci, kowa sai ya bi ka da kallo, kuma sau biyu aka tsayar da mu muka buɗe ta. Mai ɗakina ma ta so in haƙura. To amma shekara uku na rayuwata suna cikin jakar.

Shagon yana wani lungu a bayan titin Faransa, bai fi faɗin tabarma biyu ba, an jibge gawarwakin kwamfutoci har rufi. Mai shi Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ya juya injin, ya saurari bayanin yaron, sai ya tambaye ni, "Alhaji, mene ne ya fi maka muhimmanci, injin ko abin da ke cikinsa?" Na ce abin da ke ciki. Ya ce, "To shi za mu fara fitarwa, kafin kowa ya taɓa komai." Ya kwance noti biyu a ƙasan injin, ya zaro rumbun, wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, ya jona shi a tasa kwamfutar da wata waya. Can sai ga sunayen fayilolina sun jeru a allonsa, babi na ɗaya har zuwa na goma sha tara. Ya kwafe su a wuri biyu, ya sa na buɗe babin ƙarshe na tabbatar da idona. Ban san lokacin da na samu benci na zauna ba.

Daga nan ya faɗi dabararsa. Tun da injin ba zai karɓi manhaja ta ƙofarsa ba, to a kai rumbun gidan maƙwabci a zuba masa, a dawo da shi. Sai dai rumbun tsohon yayi ne mai haƙora 44, sababbin injuna kuwa bakinsu daban ne, don haka dole a samo wadda ta tsufa har bakinta ya dace da shi, amma ba ta tsufa ta kasa tashi daga filashi ba. Yaron shagonsa ya shiga maƙwabta, ya fi awa guda yana nema, ya dawo da wata mai tsagaggen allo da wani mai gyara ya ara mana. Aka cire nata rumbun aka sa nawa, aka soka filashi, nan take ta tashi. Ɗan yayata ya zauna yana amsa tambayoyin da take yi, na harshe da agogo da sunan mai ita. A wuri ɗaya ogan ya riƙe masa hannu, ya ce ya duba da kyau, ɗan umarnin tayarwa a kan rumbun za a rubuta shi, in ya kuskure ya faɗa kan filashi to aikin banza aka yi. Ana tsakiyar zubawa aka ɗauke wuta, batirin injin aro kuwa ba ya riƙe caji sosai, sai da yaron shago ya ruga ya tayar da janareta muna ƙirga daƙiƙa.

Na tambayi ogan ko rumbun ba zai rikice ba in ya farka ya gan shi a wani jiki. Ya ce da XP ce da wuya ta yarda, domin tana ɗaure kanta ne da injin da aka zuba ta a kai. Ita kuwa Linux tana tafe da bayanin dubban sassan injuna a cikinta, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai ta duba ta ga a wane jiki take, ta ɗauko abin da ya dace. Aka mai da rumbun gidansa, aka ɗaure notin, aka danna. Rubutu ya gudana a baƙin allo, sa'an nan ga shuɗin fili ya bayyana, kibiya tana motsi. Da na tambayi kuɗin aiki, na cire rumbu da na man janareta kawai ya karɓa. Ya ce manhajar ba shi ya yi ta ba, shi ma kyauta ya same ta.

Saura aiki ɗaya, wanda ya shafe mu marubutan Hausa musamman. Da na buɗe labarin a gida sai na ga qasa a maimakon ƙasa, xaki a maimakon ɗaki, varawo a maimakon ɓarawo. Dalili kuwa shi ne, a lokacin da kwamfuta ta shigo mana ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi mana babban taimako a tsakiyar shekarun 1990 da ya ƙera salon haruffa masu ɗauke da su, wasu ma suka yi nasu daga baya. Dabarar irin waɗannan salo ita ce aron gurbin alamomin da Hausa ba ta amfani da su, saboda haka in aka buɗe rubutun a injin da ba shi da salon, sai masu gurbin su fito fili. A tsarin duniya na Unicode kuwa, kowane harafi namu yana da lambarsa ta kansa, kuma Linux tana da tsarin madannai na Hausa a cikin jerin na Nijeriya. Yaron ya nuna mini yadda ake cewa injin ya nemo kowane q ya musanya shi da ƙ, manya daban ƙanana daban, na bi sauran haka. Sai da na sake karanta littafin duka saboda sunayen baƙi da musanyar ta taɓa, amma tun daga ranar duk inda na aika rubutuna da ƙugiyarsa yake isa.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi sumul. Na'urar kama intanet ta iska da ke jikin injin ba ta yi aiki ba sai bayan mako guda, da yaron ya samo mata ɗan fayil ɗin da take nema. Manhajar rubutun da ta zo da ita, AbiWord, ta yi wa littafi mai tsawo kaɗan, muka ƙara LibreOffice. Shagunan buga takardu kuma in na kai musu aiki sai shafuka su goce, har na koyi mai da shi PDF kafin in fita daga gida. Na yi kwanaki ina laluben inda aka ɓoye abubuwan da hannuna ya saba da su. Duk da haka na miƙa labarin saura kwana huɗu wa'adi ya cika, kuma injin da aka ce ya gama yayi ya ƙara yi mini shekara biyar, ba tare da filashin kowa ya sake sa masa cuta ba.

Yau abubuwa sun sauya. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa ma zuwa da wajen faifai, filashi ya zama hanyar kowa, kuma manhajoji irin su Rufus da Ventoy sun sa shirya shi bai fi aikin 'yan mintoci ba. Ubuntu da Lubuntu sun daina fitar da nau'in da ya dace da injuna masu tsufan tawa. Linux ɗin da na ɗauka baƙuwa ce, ita ce a zuciyar kowace wayar Android da ke aljihunmu. Amma abin da ya faru a 2014 ya sake dawowa: a ranar 14 ga Oktoba, 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya cika, kuma injuna da yawa masu ƙoshin lafiya ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Mun san inda irin waɗannan injuna suke ƙarewa, a kasuwanninmu za a sauke su, mu ne kuma za mu saya.

Saboda haka, 'yan'uwana marubuta, musamman matasa masu rubutu a kan injin gwanjo, in aka ce muku kwamfutarku ta mutu, ku tambaya wane sashe ne ya mutu. Ku sa a fitar muku da rubutunku kafin a share komai, ku ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, kuma da haruffan da kowane inji zai iya karantawa. Ku nemi yaran da suka san Linux, suna nan a makarantunmu da lungunan Sabon Gari da titin Beirut, yawancinsu ma murna suke yi in aka tambaye su. In kun samu filashin da aka shirya, kada ku kulle shi a durowa. Ku kwafa wa na kusa da ku, domin da wannan 'yanci aka ba mu shi.